Tauraruwar Bama da Ake Ci da Fartanya

Shekarun baya, tun wayar hannu ba ta iso ƙauyenmu ba, ina zaman ɗinki a wani ɗan shago a unguwar Bacirawa, can cikin birni, sai direban motar kasuwa ya kawo mini saƙo cewa kakana yana nemana. Ba a ce ba shi da lafiya ba, an dai ce in zo. Na lulluɓe keken ɗinkina, na bar wa masu kaya saƙon haƙuri a wurin maƙwabcina, abin da mu teloli muka fi ƙwarewa a kai ke nan, na kama hanyar gida.

Ƙauyenmu yana gefen Bici, irin ƙauyukan nan da gona take manne da gona, in ka yi atishawa a taka maƙwabci ya amsa maka daga tasa. Kakana kuwa Baba Soja kowa yake ce masa. Yana saurayi aka ɗauke shi sojan Turawa, lokacin yaƙin duniya na biyu, da aka ce kowane dagaci ya kawo samari. Aka kai su Ikko, aka zuba su a jirgin ruwa, sai ƙasar Bama, can gabashin duniya. Sojan ƙasa ne, farabiti marar ko igiya ɗaya ya tafi, farabiti ya dawo. Abin da ya shigo gida da shi akwatin ƙarfe ne, da wani tari da bai taɓa barin sa ba, da 'yan lambobin yabo. Labarin yaƙi kam ba ya bayarwa. In muka matsa masa muna yara sai ya ce, "Ruwa ne da sauro. Ku tashi ku ba ni wuri."

A cikin lambobin akwai wata mai siffar tauraruwa, jar tagulla, wadda aka ce ita ce ta Bama. Daminar da ya dawo aka yi babbar gayya a garinmu, samari suka jeru da fartanyoyi ana kaɗa musu gangar noma. Da aka tashi, ba wanda ya sa shi, kakana ya ciro tauraruwar nan ya maƙala ta a ƙirjin wanda ya riga kowa fita. Daga nan abin ya zama al'ada. Wanda ya ci sai ya tafi da ita gida ya riƙe, in damina ta zagayo aka kira babbar gayya ya dawo da ita, kakana ya karɓa da hannunsa ya sa wa sabon gwani. Samari har daga wasu garuruwa suke zuwa nemanta. An sha ba mutum mata saboda tauraruwar nan. Mahaifina ya yi ta fama bai taɓa ci ba, kuma har ya koma ga Allah mahaifiyata ba ta daina tsokanarsa da wannan ba.

To sai zamani ya juya. Garmar shanu ta yawaita, maganin feshi ya shigo, mai hali ya koma ɗaukar 'yan ƙwadago, samari muka watse birni, har da ni mai ba ku labari. Gayya ta mutu ba a yi mata ko zaman makoki ba. Wanda ya ci tauraruwar a gayyar ƙarshe wani ɗan 'yar garinmu ne da aka kai uwarsa aure can wajen Rimin Gado. Ya tafi da ita, ba a sake kiran gayya ba, ta zauna a wurinsa shekara da shekaru.

Na iske kakana a ƙofar gida kan buzunsa. Lokacin idonsa ya riga ya tafi, da murya yake gane mutane. Ina sallama ya ce, "A'a, ɓarawon mata ne? Ka zo ka ga ko na mutu ka gaje tsohuwa?"

Na ce, "Ai kai ka ƙi mutuwa, tsoho. Mun gaji da jira."

Ya yi dariya har tarin ya taso masa. Da ya lafa sai ya gaya mini abin da ya faru. Akwai wani dillali da yake yawo ƙauyuka a kan babur yana sayen tsofaffin kaya, su kuɗin dā irin ahu da anini, tasoshin tagulla, takubba, da lambobin soja. Yana kai wa mutanensa a birni, su kuma su tura wa masu tara irin waɗannan abubuwa a ƙasashen waje. Ya zo gidanmu, kawuna ya buɗe masa akwatin ƙarfe ya duba. Ya ce lambobin suna da kyau amma jerin bai cika ba, babu ta Bama, masu saye kuwa cikakke suke so. Kakana ya kore shi. Amma kawuna, Allah ya shirye shi da bakinsa, ya raka shi har bakin hanya yana kwatanta masa garin da tauraruwar take.

Kakana ya lalubo hannuna ya riƙe. Ya ce, "Idona ya tafi, ƙafa ma tana shirin bin sa. Ina so in riƙe ta a hannuna sau ɗaya, kafin mai babur ɗin nan ya kai ta ƙasar da ba a san gero ba. Je ka karɓo mini."

Wallahi ban taɓa jin ya roƙi kowa komai ba sai ran nan. Washegari na ari babur ɗin abokina, na sayi goro, na nufi Rimin Gado ina ta hura hanci. A tunanina wannan aikin yini guda ne, in je in yi gaisuwa, a miƙo mini, in dawo a yi ta shi mini albarka.

Na sami mutumin a gona shi da babban ɗansa. Ya manyanta, gemu ya yi fari, amma damatsan nan suna nan. Ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya tambayi lafiyar Baba Soja har sau nawa. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya dogara da ƙotar fartanya. Ya ce dillalin ya riga ni zuwa, ya kuma ce zai dawo.

"Na ce masa ba tawa ba ce," in ji shi. "Riƙo aka ba ni."

Ɗan nasa, wani dogo marar fara'a, bai ko ɗago kai ba ya ce, "Baba, ƙarfe ne fa. Tana cikin tukunya ba ta tsinana wa kowa komai, ga taki muna nema."

Uban ya yi kamar bai ji ba. Ni kuwa na yi maza na ce, "To alhamdu lillahi, Baba, tunda riƙo ne, ga mai abu ya aiko."

Ya dube ni sama da ƙasa, ya dubi hannuwana masu santsi. Ya ce, "Yaro, ba a ba da ita a aljihu. Da fartanya ake cin ta, a gaban jama'a. Kakanka ne ya kafa wannan doka, ba ni ba. In na ba ka yau, daga hannunsa sai akwati, daga akwati sai rabon gado, daga nan kuma ka san wanda zai ɗauka. Ku kira gayya. Ranar zan rataye ta in kawo da ƙafata."

Kai jama'a, raina ya ɓaci! Na yi magiya, na ce tsoho ne, ba shi da ƙarfi, ba mu san gobe ba. Ya ce ya sani, shi ya sa gara mu hanzarta. Ya karɓi goron, ya sa aka kawo mini fura, ya sallame ni. Duk hanya ina ta tsara yadda zan kai ƙararsa, har ina ƙara gishiri.

Da na gama zayyana wa kakana, sai na ga ya washe baki. Ya ce, "Ɗan halak! Da ya ba ka da na raina shi. To me kake jira? A kira gayya."

Faɗar ta fi yin sauƙi. Lokacin an gama noman fari, maimai ya ƙarato, don haka in za a yi sai a yi a gonar geron kakana kafin ciyawa ta fi ƙarfinmu. Na je wurin tsohon makaɗin garinmu na tarar ɓeraye sun cinye fatar gangar, shi kansa ya koma sayar da rake. Sai da aka nemo fatar akuya aka sake ɗaure ta. Samari kuwa na bi su ɗaya bayan ɗaya, wasu a tasha, wasu a kasuwar Bici, wasu har Bacirawa. Wani ya tambaye ni nawa za a biya. Na ce gayya ce, tuwo ne da fura. Ya ce, "Tuwo? A wannan zamanin?" Mahaifiyata ce ta cece ni. Ta bi gidaje ta gaya wa mata, matan suka hau kan mazansu da 'ya'yansu da gori, kafin ka ce me magana ta cika garuruwan da ke kewaye da mu.

Ana cikin haka zazzaɓi ya kwantar da kakana. Ya daina fita ƙofar gida, abinci sai an lallaɓa. Tsoro ya kama ni ƙwarai. Kawuna ya ce a bar wannan wasan yara, a koma a roƙi mutumin ya kawo ta kawai. Na shiga na gaya wa kakana, yana kwance yana numfashi da ƙyar. Ya ce, "Duk wanda ya je roƙo ban yafe ba. In ajali ya riga ta zuwa, ya riga ta." Na fito na zauna a zaure na rasa abin da yake mini daɗi.

Allah da ikonsa, ya ɗan ji sauƙi kafin ranar. Da hantsi muka shimfiɗa masa katifa a amalanken shanu, aka kai shi gona aka ajiye a gindin ɗorawa. Na zaci mutum kaɗan za mu gani. Ina! Gona ta cika. Tsofaffin da suka taɓa cin tauraruwar sun zo da manyan riguna sun zauna kusa da kakana, kowa yana ba da labarin shekararsa, kowa kuma a bakinsa shi ya fi kowa. Mata sun jera ƙoren fura a inuwa. Can sai ga mutumin Rimin Gado da ɗansa, tauraruwar tana rataye a wuyan uban. Ƙyallenta na asali ya daɗe da mutuwa, baduku ya yi mata igiyar fata. Dillalin ma ya zo, ya kafe babur ɗinsa a bakin gona, kawuna yana tsaye kusa da shi.

Aka ce dole gidan mai gayya su fitar da mutum. Na duba hagu na duba dama, na ga kowa ni yake kallo. Haka na tuɓe riga na shiga layi, ni da rabona da fartanya tun ina makarantar firamare.

Da ganga ta tashi, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Wani abu ne da ban san yana cikina ba. Na duƙa na kama kunyata da ƙarfi, har na ji wata tsohuwa tana cewa jikan Soja ya yi gado. Wannan yabo bai yi nisa ba. Kafin in kai tsakiyar gona bayana ya ƙage, tafin hannuna ya yi bororo ya fashe, gumi ya rufe mini ido har na koma saran gero ina barin ciyawa. Na ji kakana daga gindin ɗorawa yana tambaya, "Ina abokin takarar tawa?" Aka ce masa yana can baya. Ya ɗaga murya iya ƙarfinsa ya ce, "Ku ce masa ya bar mini gerona, na yafe masa noman!" Gona ta kwashe da dariya. Na lallaɓa na koma wajen ƙoren fura, inda a nan kam ba wanda ya riga ni.

Daga inda nake zaune na kalli sauran. Samarin da suka zo suna yatsina sun manta da kansu, ƙasa tana tashi, makaɗi yana bin na gaba yana zuga shi da sunan kakanninsa, mata suna guɗa. Tun ana tafiya kai ɗaya har mutum biyu suka ware, daga baya ɗaya ya bar ɗaya. Wanda ya fara fita ya ɗaga fartanya sama, sai na ga ashe dogon nan ne marar fara'a, ɗan mutumin Rimin Gado, wanda ya ce ƙarfe ne.

Na waiwaya bakin gona, na ga dillali yana murmushi yana gyara hula. Na ce a raina shi ke nan, mun tara jama'a, mun dafa tuwo, don mu miƙa ta ga wanda zai sayar.

Uban ya cire igiyar daga wuyansa, ya durƙusa ya sa tauraruwar a tafin kakana. Makaɗi ya tsaya. Kakana ya rufe hannu a kanta. Ya bi tsinayenta da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya shafa igiyar, ya kai ta hanci ya shinshina. Ya ce, "Ta sha gumi." Sannan ya ce a matso da wanda ya ci. Saurayin ya durƙusa a gabansa yana haki.

Kakana ya ce, "Ka san don me aka ba ni wannan?"

Saurayin ya ce, "Don yaƙi, Baba."

"Haka suka ce. Ni dai abin da na sani na yi a Bama haƙa ne. Bindiga na harba cikin daji, ban ga wanda na samu ba. Amma da suka ga ɗan manomi ne ni, hannuna yana da sauri, duk wanda ya faɗi a cikinmu ni ake kira. Ƙasar duk saiwa ce da ruwa, shebur ɗin ɗan ƙarami. Yaran Bici, yaran Ɗambatta, yaran Katsina, wasu ko gemu ba su fara ba. Ni na haƙa musu."

Kakana ya ci gaba da cewa:

"Na farkon da na binne, gabas na fuskantar da su, yadda muke yi a gida. Wa zai gaya mini? Sai daga baya wani Musulmi Ba'indiye ya gan ni ina haƙa, ya riƙe mini hannu, ya nuna mini yamma. Ashe mun wuce Makka tun a jirgi. A can alƙibla yamma take, gida ma yamma yake. Waɗancan na farko na kwantar da su sun ba Makka baya, sun ba gida baya. Muka yi gaba, ban sami komawa na gyara ba."

Hawaye suna bin fuskarsa bai share ba. Ni ma ban san lokacin da nawa suka zubo ba. Tsofaffin da suka yi shekaru suna zama da shi sai salati suke, ba wanda ya taɓa jin wannan a bakinsa, har matarsa.

Kakana ya ce, "Da na dawo na kasa kwana ɗaki ɗaya da tauraruwar nan. Na ce tunda ta haƙa ce, gara ta zauna a ƙirjin wanda in ya haƙa abinci ne yake fitowa." Ya lalubi kan saurayin, ya rataya masa igiyar, ya dafa kafaɗarsa. "Na riƙe ta, ya ishe ni. Taka ce yanzu. Allah ya yi maka albarka."

Aka ci tuwo, aka watse da la'asar. Da idona na ga dillalin ya tura babur ɗinsa yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da saurayin, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa har suka ɓace a bayan dawa. Ban ji abin da suka ce ba, ban kuma gaya wa kakana ba. Na koma Bacirawa da hannu a naɗe da tsumma, na yi kwanaki ban iya zura zare a allura ba, zuciyata kuma tana ta raya mini cewa tauraruwar ta riga ta hau jirgi.

Kakana ya ga girbin geron nan, har ya sha kunun sabon hatsi ya ce na rage masa damma da sarana. Bayan an gama kai amfani gida, wata safiya bayan sallar asuba ya cika. Ina gida lokacin. Aka tura masu babur garuruwa su sanar, aka sa jana'iza bayan azahar don 'yan uwa na nesa su iso.

Da rana ta ɗaga muka ɗauki diga da shebur muka nufi maƙabarta. Mun fara ke nan sai ga mai babur ya sauke mutum a bakin shinge, da digarsa a kafaɗa. Dogon nan ne. Ya yi mana gaisuwa a taƙaice, ya tuɓe riga ya faɗa ramin. A nan na ga igiyar fata a wuyansa, tauraruwar tana lilo tana bugun ƙirjinsa duk saran da ya yi. A al'adarmu karɓa-karɓa ake yi, in mutum ya gaji wani ya shiga. Aka miƙa masa hannu ya fito, ya ƙi. Kawuna ya ce ya huta haka nan. Ya ce, "Ku bar ni, Baba. Ya haƙa wa 'ya'yan mutane, yau ni zan haƙa masa." Sai da ya gama, ya tsaya a ciki ya kira liman ya ce a duba masa alƙibla da kyau. Liman ya ce daidai take. Ya ce a sake dubawa.

Yanzu ni ma furfura ta fara. Wani lokaci ina latsa waya sai in ci karo da hotunan irin lambobin nan, an goge su suna ƙyalli, an jera su cikin gilashi da ƙyallayensu sababbi, masu tarawa suna yaba cikar jeri. Ba na jin haushinsu, kowa da abin da yake so. Sai dai in na gani nakan yi tunanin kowace ɗaya akwai wani tsoho a bayanta da ya yi shiru da wani abu har ya mutu, jikokinsa suna tsokanarsa ba su sani ba. Ni na yi sa'a, na ji nawa da kunnena, kuma da mutumin Rimin Gado ya ji magiyata ya saka mini ita a aljihu, da ban ji ba har abada.

Ba a sake yin gayya a garinmu ba tun daga ranar. Ina kewar gangar nan, ina kewar tsohon nan da bakinsa, kewa mai tsanani. Allah ya jiƙan kakana, ya jiƙan yaran da ya kwantar a dajin da ba su da kowa, waɗanda suka fuskanci yamma da waɗanda suka fuskanci gabas.